Zuwa sabon gidan ramen: tukunyar romo za ka fara tambaya

Wani ƙanenmu da ya tafi karatu Manchesta, a Ingila, ya aiko da tambaya. Ya ce an buɗe sabon gidan abinci kusa da makarantarsu, ramen da dumpling (ƙullin kwaɓin fulawa mai haɗi a ciki) suke sayarwa, irin wurin nan da mutum zai biya a kanta, a ba shi lamba, ya je ya nemi kujera. 'Yan ajinsu sun sa ranar zuwa, shi kuma ba ya so a ce shi kaɗai ya noƙe. Yana son sanin mene ne ramen ɗin nan, ko dai Indomie ce aka yi wa ado aka tsawwala mata kuɗi, me Musulmi zai iya ci a wurin, kuma ta yaya ake gane ko shagon ya iya aikinsa.

Ƙanena, ka kyauta da ka tambaya tun kafin ranar. Na yi shekara shida a kicin ɗin wani gidan ramen na halal a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, daga wanke-wanke har aka damƙa mini tukunyar romo, don haka abin da zan faɗa maka daga bakin murhu na samo shi. Maganar da nake so ta zauna maka ita ce, a kwanon ramen abin da ido ke gani a sama shi ne mafi ƙanƙantar lamari. Daɗin abincin da halaccinsa duk suna cikin abubuwan da suka riga suka narke: romo, da miyar gishirin da ke ƙasan kwano, da man da ke yawo a sama.

Bari mu fara da batun Indomie, tunda kowa da shi yake farawa. 'Yan'uwan juna ne, amma irin 'yan'uwantakar madarar gari da nonon da aka tatso da safe. Ramen ce uwa. 'Yan ƙasar Sin da suka zauna a biranen gaɓar tekun Japan, musamman Yokohama, su suka kawo taliyar alkama cikin romo a ƙarshen ƙarni na 19. Shagon da aka fi ambata a matsayin wanda ya fara sayar da ita ga Japanawa da irin ɗanɗanonsu shi ne Rairaiken, da aka buɗe a unguwar Asakusa ta Tokiyo a 1910. Bayan yaƙin duniya na biyu shinkafa ta yi ƙaranci, fulawar Amurka ta cika kasuwa, sai masu teburin bakin hanya suka mai da taliyar nan abincin lebura da mai ƙaramin ƙarfi. A 1958 ne Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, ya gano cewa idan aka turara taliya aka soya ta a mai, za ta bushe ta daɗe, kuma ruwan zafi kawai take bukata ta dawo. Daga wannan dabara duk wata taliyar leda ta fito, har da Indomie ta Indonesiya da aka fara sarrafawa a Najeriya, a Ota ta jihar Ogun, a tsakiyar shekarun 1990. Abin da za a kawo maka a shago ɗanyar taliya ce da ba ta ga mai ba, kuma romonta na ƙashi ne, idan dai masu shagon na da gaskiya.

Ita taliyar akwai abin da zai ba ka sha'awa game da ita, domin sirrinta abu ne da iyayenmu mata suka daɗe da sani. Fulawa ce da ruwa da gishiri da wani sinadari da ake kira kansui. Ranar da na fara buɗe buhunsa na ɗanɗana a harshe, sai na ce wannan ai kanwa ce. Ba ita ce sak ba, tasu tatacciya ce daga masana'anta, amma dangi ɗaya ne da ungurnun da ake jiƙawa a zuba a kwaɓin ɗanwake. Ɗan kaɗan ake sa wa, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin fulawa, amma shi ke sa taliyar ta yi ɗanko da tauri a haƙori, ya ba ta launin ɗorawa ko da ba a fasa ƙwai ba, ya kuma ba ta wani ƙamshi da hancin Bahaushe zai gane nan take. In ba kansui, to taliya ce kawai, ba ramen ba. Shi ya sa taliyar murji ta Kano, duk da daɗinta da manja da yaji, in ka jefa ta a romo mai zafi sai ta saki jiki da wuri.

To sai romo. Iri biyu ne a dunƙule, garai-garai da mai kauri. Na farko, wanda suke kira chintan, ana dafa shi ne a wuta ƙasa-ƙasa, ba a bari ya zaɓalɓala, ana ta kwashe kumfa, har ya fito kana hango ƙasan ludayi. Na biyu, paitan, akasin haka ake yi masa: a cika wuta, ƙashi ya yi ta bugun ƙashi na sa'o'i, ɓargo da kitse da jijiya su narke su haɗe da ruwa har ya koma fari kamar kunun gyaɗa. A wurinmu da kaji muke yi. Ina isa kicin bayan sallar asuba, in tarar da ƙasusuwan kaji da ƙafafunsu an jiƙa tun dare, in fara tafasa su in zubar da ruwan farko, in wanke kowane ƙashi a famfo in cire baƙin jinin da ke maƙale a ƙashin baya, domin shi ke kawo ƙarni. Sannan a ɗora tukunya ta gaskiya. Sai ta yi awa shida zuwa takwas, kana tsaye kana juyawa da muciya mai tsayin mutum kada ƙasa ta kama, kana ƙara ruwa in ya ja. Yadda muke gane ta yi shi ne a shafa ɗigo a leɓe. In leɓɓanka suka ɗan manne da juna, romo ya nuna. Ka riƙe wannan gwajin, zai yi maka amfani a shagon naku.

Romon nan ba a sa masa gishiri a tukunya. Gishirin yana cikin wani abu daban da ake kira tare, wata miya ce mai ƙarfi da ake zuba ƙaramin ludayi ɗaya a ƙasan kwano kafin a kwararo romo a kai. Sunayen da za ka gani a allo yawanci sunan wannan miyar ne. Shio na nufin gishiri, kuma garin Hakodate ya yi suna da shi. Shoyu ruwan waken suya ne da aka tsima, shi ne salon Tokiyo na asali. Miso kuwa niƙaƙƙen waken suya ne da aka bari ya ruɓa da gishiri na watanni, kuma a Sapporo, can arewa mai dusar ƙanƙara, aka fara haɗa shi da ramen a shekarun 1950. Wanda ya tashi da daddawa a miyar kuka ba zai yi baƙunta da miso ba. Aikinsu ɗaya, wato su ba miya wannan zurfin ɗanɗano da Japanawa ke kira umami. Wani masanin kimiyyarsu, Kikunae Ikeda, shi ya ware sinadarin da ke kawo shi daga ciyawar teku a 1908, kuma daga bincikensa aka samu Ajinomoto, farin magin da ke kowane teburin mai kayan miya a kasuwanninmu.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Suna na huɗu da za ka gani, kuma a Ingila sau da yawa shi ne a sahun farko, shi ne tonkotsu. Wannan ba sunan miyar gishiri ba ne, sunan romon ne kansa, kuma ma'anarsa ƙashin alade. Daga Kurume ta yankin Fukuoka ya samo asali a 1937, kuma manyan shagunan da suka yaɗa ramen a duniya, irin su Ippudo da Ichiran, da shi suka yi suna. Saboda haka sababbin shaguna da yawa a Turai da Amurka tukunya ɗaya tak suke da ita, ta alade, sai su riƙa canza miyar ƙasa da abin da aka ɗora a sama su fitar da kwano biyar ko shida masu suna daban-daban. Ka ga an rubuta miso, ka ga an rubuta kaza, amma ruwan da ke ƙarƙashinsu guda ne.

Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kafin in shiga sana'ar, a wata tafiya, na shiga wani shago na ga hoton kwano da yankakken naman kaza a sama. Na tambayi yarinyar da ke kanta ko kaza ce, ta ce kaza ce, kuma ba ƙarya ta yi ba, abin da na tambaya ta amsa. Na ci na tashi. Sai bayan shekara biyu, da na san yadda ake haɗa kwano, na gane cewa farin romon nan mai maiƙo da wani irin wari da ban saba ba, ba na kaza ba ne. Na yi istigfari, na san Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma tun daga ranar ban sake tambayar naman da ke sama ba sai na fara tambayar tukunya.

Ga yadda za ka yi tambayar, kuma ka yi ta kafin ranar, ko ta waya ko ka biya da rana tsaka lokacin da ba layi, domin a irin waɗannan shaguna wanda ke kanta galibi ɗalibi ne kamarka da aka ɗauka makon jiya, bai taɓa leƙa tukunya ba. Ka nemi manaja ko kuku. Ka ce da wane ƙashi aka dafa romon wannan kwanon, kuma akwai na alade a ciki ko kaɗan? Ka ƙara da "ko kaɗan" ɗin nan, domin haɗa ƙashin kaza da na alade a tukunya ɗaya abu ne da aka saba, har a romon shoyu mai garai-garai. Sannan ka tambayi man da ake zubawa a sama. Kowane kwano yana da cokali ɗaya na mai mai ƙamshi, wani na kitsen kaza ne, wani na ridi, wani kuma kitsen alade ne da aka soya tafarnuwa ko albasa a ciki. Baƙin man tafarnuwa da ake kira mayu sau da yawa da shi ake yi, haka salon Sapporo na asali da kitsen alade ake soya kayan lambunsa. Sai na uku, ka tambaya ko akwai sake ko mirin a miyar ƙasa. Sake giyar shinkafa ce. Mirin ita ma giyar shinkafa ce mai zaƙi da ake girki da ita, kuma ta asali tana da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari. Kusan duk miyar tare ta gargajiya akwai ɗayansu a ciki, haka ruwan da ake tsoma dafaffen ƙwai, haka wanda ake jiƙa soyayyar kazar da suke kira karaage. Za a ce maka ai an tafasa, barasar ta tashi. Wani kaso yana tashi, amma ba lallai duka ba, kuma hukumomin ba da shaidar halal ba sa karɓar girkin da aka zuba wa giya. A kicin ɗinmu ko ƙofar ba ta shigowa, da sukari da ruwan inabi marar barasa da ɗan ruwan khal muke maye gurbinta. Shi kuwa ruwan waken suya da aka tsima, yakan samu ɗan burbushin barasa daga tsimin kansa ba tare da an zuba ba, kuma malamai sun yi bayani a kan bambancin wannan da wancan. Hukunci nasu ne, ka tuntuɓi wanda ka amince da iliminsa. Nawa shi ne in gaya maka abin da ke cikin kwano.

Wani abu da zai iya ruɗar ka a Ingila: doka ta wajabta wa masu abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su alkama, ƙwai, waken suya, ridi, gyaɗa, kifi da jatan lande. Za su miƙo maka takardar da sauri in ka nema. Amma alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun nan, don haka takardar ba za ta amsa maka tambayarka ba. Abin da zai amsa shi ne jerin kayan haɗi da ke jikin leda ko bokitin da romon ya zo a ciki, in daga wani wuri ake kawo musu. In kuma sun ce kazarsu halal ce, ka tambayi wa ya ba da shaida. A can akwai hukumomin ba da shaidar halal irin su HMC da HFA, kuma mai gaskiya ba ya jin nauyin nuna takarda. Sai dai ka lura, kaza ta halal a kicin da ake dafa alade magana ce rabi. Na san yadda layin haɗa kwano yake lokacin cunkoso: tsinken cin abinci irin na Japanawa da kuku ya gyara taliya da shi a kwanon tonkotsu, da shi zai gyara ta kwano na gaba, wuƙa ɗaya, katako ɗaya, hannu ɗaya cikin safar roba ɗaya. Shagon da ya damu yakan ware ludayi da tsinke masu launi daban don kwanon masu cin ganye zalla. Ka tambaya ko suna yin haka.

Kalmomi kaɗan da za su taimake ka karanta allo: ton da buta duk alade ne. Chashu, yankakken naman nan mai zagaye da ake shimfiɗawa a sama, na alade ne sai in an rubuta na kaza ne ƙarara. Tantanmen, mai yaji da ridi, da niƙaƙƙen naman alade yake zuwa a al'ada. Tori kaza ce, don haka tori paitan shi ne farin romon kaza irin wanda na yi shekaru ina dafawa. Yasai kayan lambu ne. Sauran tarkacen sama ba su da matsala a karan kansu: nori ciyawar teku ce busasshiya kamar baƙar takarda, menma tohon gora ne da aka tsima, sai lawashi da masara da tsiron wake.

Mu koma kan dumpling. A gidan ramen yawanci gyoza ake nufi. Asalinsa jiaozi ne na arewacin Sin, kuma ya bazu a Japan ne bayan 1945, da sojoji da fararen hula suka dawo daga Manchuriya, a arewa maso gabashin Sin, da ɗanɗanonsa a baki. Har yau garuruwa irin su Utsunomiya da Hamamatsu suna takara a kan wa ya fi cin sa. Kwaɓin fulawa ne da aka murza siriri aka yanka zagaye kamar bakin kofin shayi, a zuba haɗi a tsakiya, a naɗe a tsuke bakin da 'yan ninki. In ka ce ɗan'uwan samosa ne ba ka yi nisa ba, sai dai shi ba a tsoma shi a mai. Yadda ake gasa shi abin kallo ne. Za a shafa mai kaɗan a kasko mai faɗi, a jera su kamar sahun salla, a bari gindinsu ya fara ja. Sai a watsa ruwa kamar rabin kofi, kaskon ya yi ƙara, tururi ya turnuƙe, a rufe da sauri. Minti huɗu ko biyar ana jin ruwan yana tafasa, sai sautin ya sauya ya koma ƙas-ƙas, alamar ruwa ya ƙone saura mai. Kuku na gari da kunne yake gane wannan, ba ya buɗe murfi. A buɗe, a ɗiga man ridi, a ƙara minti ɗaya, a kife a faranti gindin yana sama. Wanda aka yi daidai, ƙasansa ƙanzo ne mai ƙaras-ƙaras, samansa kuma laushi har kana hango koren ganye ta cikin fatar. Ana tsoma shi a ruwan waken suya da ruwan khal na shinkafa da ɗigon man barkono.

Haɗin gargajiya naman alade ne da kabeji da wani ganye mai kamar lawashi da tafarnuwa da citta. Na kaza da na jatan lande ma kada ka saki jiki da su, domin naman kaza da jatan lande ba su da maiƙo, kuma hanya mafi sauƙi ta hana su bushewa ita ce a cuɗa su da kitsen alade. Masana'antu da yawa haka suke yi, kuma galibin shagunan sauri daskararren gyoza suke saye a kwali. Wannan ma yana da amfaninsa gare ka, tunda kwali yana da rubutu a jiki. In ka ga xiao long bao, ƙullin nan na yankin Shanghai mai romo a ciki, ka sani cewa romon daskararren ruwan fatar alade ne da ake yankawa a cusa, ya narke in an turara. Sai batun kasko: a shago ƙarami kasko ɗaya ne, na ganye da na nama a jere suke gasuwa cikin ruwa ɗaya da mai ɗaya. In ka samu wanda aka turara a kwandonsa daban, ya fi kwanciyar rai.

Ka tambayi yadda ake gane ko sun iya. Da farko ka yi musu adalci: shagon da bai wuce wata ɗaya ba bai gama sanin kansa ba. Lokacin da muka buɗe reshe na biyu, sai da muka yi kusan mako shida kafin romo ya daidaita, saboda murhun sabo ne, ƙarfin wutarsa daban, kuma ba mu san yawan mutanen da za su zo ba. Wata rana romo ya ƙare da azahar, sai ka ga ana jarabtar mutum ya tsinka ragowar da ruwa. Mu mukan rufe ƙofa mu ba da haƙuri, kuma duk sabon shagon da ka ga ya rubuta cewa romon yau ya ƙare, ka girmama shi. In da hali, ka shawarci abokanka ku je tsakiyar mako, da wuri, ba ranar Juma'a ko Asabar da dare ba.

In kwano ya iso, taɓa gefensa. Ya kamata ya yi zafi har ka janye hannu, domin kicin na ƙwarai yana ɗumama kwano kafin ya zuba. Romo mai ɗumi-ɗumi babban aibi ne, kitsen zai fara daskarewa ya kwanta a harshe. Kurɓi cokali ɗaya kafin ka taɓa komai, kafin barkono, kafin juyawa. Romon ƙashi na gaskiya yana da jiki, ɗanɗanonsa yana zuwa a hankali ya daɗe, ga mannewar leɓen da na gaya maka. Wanda aka dama daga kwalba ko gari kuwa gishiri ne zai fara dukan harshenka, sannan ya ɓace ba abin da ya bari sai ƙishirwa. Ba na cewa duk shagon da ake kawo wa romo daga babban kicin ya yi ha'inci. Irin wannan tsari na biya a kanta da shi yake rayuwa, kuma akwai masu dafa romo mai kyau a wuri guda su rarraba wa rassa. Tsarin ma ba baƙo ba ne ga ramen: a Japan da yawan shaguna na'ura ce a bakin ƙofa, ka sa kuɗi ta ba ka tikiti, ka miƙa, ka ci, ka tashi wani ya zauna. Abin da ba na yafewa shi ne taliyar da ta dahu ta caɓe, ko wadda ba a tsane ruwanta da kyau ba ta zo ta tsinka romo, ko ƙwai mai sanyin firji a tsakiya. Ƙwan kirki minti shida zuwa bakwai ake dafa shi, farin ya kama, gwaiduwar tana nan kamar zuma. Ka kuma duba takardar tsafta da hukuma ke bayarwa, mai maki daga 0 zuwa 5. Sabon wuri zai iya kasancewa yana jiran a zo duba shi, wannan ba laifi ba ne.

Cin kansa ba wuya. Abu ɗaya ne ba a yi wa ramen, wato jira. Daga lokacin da taliya ta shiga romo take shan ruwa tana kumbura, musamman siririyar nan ta salon Hakata, wani yanki na Fukuoka, da ake kwaɓawa da ruwa kaɗan. Shi ya sa a Fukuoka ba sa cika kwano, sai su ba ka kaɗan, in ka cinye ka nemi ƙari a zuba maka a ragowar romonka, abin da suke kira kaedama. Minti goma ya kamata a ce ka gama da taliyar. Mu da muka saba a jira kowa ya samu nasa kafin a sa hannu, a nan sai ka nemi uzuri ka fara, su ma abokan in sun san abincin haka za su ce maka. In an tambaye ka yadda kake son taliyar, ka ce da ɗan tauri. Tsinke a hannun dama, cokali mai zurfi a ɗaya hannun don tare abin da zai zubo, ka ɗebo kaɗan, ka sunkuya, ka zuƙa. A Japan zuƙa da ƙara ba rashin ladabi ba ne, iskar tana sanyaya taliyar. A Manchesta ka yi daidai yadda ka ga wuri. In tsinken ya ƙi, nemi cokali mai yatsu, ba wanda zai kalle ka. Kada dai ka soke tsinke a tsaye cikin abinci, a al'adarsu wannan na jana'iza ne.

Romon ba dole ne ka shanye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kuma kwano ɗaya da aka shanye tas yana iya kai wannan ko ya wuce. Mai hawan jini ya ci taliya da kayan sama, ya kurɓi kaɗan, ya bar saura.

In ni ne kai, ga abin da zan yi. In sun tabbatar mini da tukunyar kaza daban, da shaidar yanka, kuma ba giya a miyar ƙasa, tori paitan zan ce a ba ni, da gyoza na kaza biyar. In babu wannan amma suna da kwanon masu cin ganye zalla, wanda Turawa ke rubuta wa vegan, shi zan ɗauka bayan na tambayi batun mirin da ludayi. Kada ka raina shi, romon ciyawar teku da busasshiyar laimar kwaɗin shiitake da miso da madarar waken suya, in an iya, yana da zurfin da zai ba ka mamaki. In kuwa amsoshin suka zo da kame-kame, ka je ka zauna da abokanka, ka ci edamame, wato ɗanyen waken suya da aka dafa a kwansonsa da gishiri, da farar shinkafa da shayi, zumuncin bai ɓaci ba. Sannan wani makon kai ka gayyace su. Ka nemi shagon taliyar birnin Lanzhou, wadda Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui suka shahara da ita: romon naman sa ne garai-garai, da farin radish da man barkono da ganye, kuma a gabanka mai taliyar zai ja kwaɓin da hannu yana ninkawa har ya zama zare. Ita ma da irin kanwar nan ake kwaɓa ta. Ana samun irin waɗannan shaguna a manyan biranen Ingila, wasunsu na Musulmi ne, amma can ma ka tambayi shaidar kafin ka zauna.